Bulokcen: Yadda makullai biyar suka buɗe asusun Dala miliyan 600

A ƙarshen watan Satumban 2025, a wajen taron shekara-shekara na Sibos da aka yi a birnin Frankfurt na Jamus, kamfanin Swift ya sanar da cewa zai gina kundin lissafi na bai-ɗaya a kan fasahar bulokcen, tare da bankuna da cibiyoyin kuɗi sama da 30.

Ga wanda bai san Swift ba, ta hanyarsa ce bankunan duniya ke aika wa juna saƙon biyan kuɗi. Idan ɗan kasuwar Kantin Kwari ya biya kuɗin kaya a China ta banki, ko uba ya tura kuɗin makarantar ɗansa Masar, akasari ta can saƙon ke bi. Cibiyoyi fiye da 11,000 ne ke amfani da shi a ƙasashe da yankuna sama da 200.

Mako uku bayan wannan sanarwa, ranar 20 ga Oktoba, wata tangarɗa a rumbunan kwamfutocin kamfanin Amazon da ke arewacin jihar Virginia ta Amurka ta tsayar da manhajoji masu ɗimbin yawa na tsawon sa'o'i. Snapchat ya tsaya, Signal ya tsaya, wasu bankunan Birtaniya sun kasa yi wa jama'arsu aiki. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da Coinbase, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kirifto na duniya, wato kamfanin da ke cikin masana'antar da kullum wa'azinta shi ne kada komai ya dogara da wuri ɗaya.

Waɗannan al'amura biyu sun sake taso da tambayar da aka daɗe ana yi: shin bulokcen na iya sa kwamfutoci da kamfanonin da ba su yarda da juna ba su yi aiki tare cikin aminci, ba tare da wani babba a tsakiya ba?

Amsar da shekaru goma sha bakwai na gwaji suka bayar ita ce yana iyawa, amma da sharaɗi. Kuma sharaɗin ba a cikin lissafin kwamfuta yake ba. Yana cikin adadin hannayen da ke riƙe da makullan, da kuma ko hannayen nan da gaske na mutane daban-daban ne.

Matsalar ta girmi Bitcoin

Mu ɗauki adashe. Mutum ashirin na zubi, uwar adashe ce ke riƙe da littafi. Muddin tana da amana kuma littafin bai ɓata ba, magana ta ƙare. Yawancin tsarin kwamfuta haka yake: banki na da kundinsa, kamfanin waya na da nasa, kowa ya yarda da abin da mai kundin ya ce.

To, a ce an cire uwar adashen. Kowa na da littafinsa a gida, saƙon wanda ya zuba da wanda ya kwasa ta waya yake zuwa, wani saƙon ya makara, wani ya ɓace, sannan cikin mutum ashirin ɗin akwai mai faɗa wa wannan abu kaza, ya faɗa wa wancan wani abu daban. Yaya za a yi littattafai ashirin su zo ɗaya?

A 1982 wasu masana kimiyyar kwamfuta uku a Amurka, Leslie Lamport da Robert Shostak da Marshall Pease, suka rubuta maƙala a kan wannan. Sun kwatanta shi da janar-janar na Daular Rumawa ta Gabas da suka kewaye wani birni, dole su yanke shawara ɗaya, ko a kai hari ko a janye, alhali manzanni kaɗai ke haɗa su kuma akwai maciya amana a cikinsu. Sun nuna cewa idan saƙon baka ne, sai masu gaskiya sun haura kashi biyu cikin uku kafin a iya daidaitawa. Janar uku da munafuki ɗaya a cikinsu, babu mafita.

Abin da ya fi damun su a lokacin shi ne kwamfutocin jiragen sama, inda na'ura ɗaya da ta lalace za ta iya rikita sauran. Ba su da wata alaƙa da kuɗi.

Ranar 31 ga Oktoban 2008 wani mai amfani da sunan Satoshi Nakamoto, wanda har yau ba a san ko wane ne ba, ya fitar da takarda mai shafi tara da ta kawo wata dabara. A watan Janairun 2009 Bitcoin ya fara aiki.

Dabarar na da ɓangare biyu. Na farko, ana rubuta mu'amaloli shafi-shafi, kuma kowane sabon shafi na ɗauke da wata doguwar lamba da aka tatso daga abin da ke shafin baya, tamkar zanen yatsansa. Ka sauya harafi ɗaya a tsohon shafi, lambarsa ta canza, shafin da ke binsa ya daina dacewa, haka har zuwa ƙarshe. Dalilin kiran sa sarƙa ke nan. Dubban kwamfutoci kuma na riƙe da kwafin kundin, don haka mai son goge wani abu ba littafi ɗaya zai gyara ba.

Ɓangare na biyu shi ne wa zai rubuta shafi na gaba. A Bitcoin gasa ake yi: kwamfutoci na ta cankar amsar wani lissafi, wadda ta dace ita ke rubutawa, kusan kowane minti goma, a biya ta da sabon kuɗi. Mai son yin maguɗi sai ya mallaki ƙarfin da ya fi na sauran duka a haɗe.

Wannan tsaro na da tsada. Ƙiyasin Jami'ar Cambridge ya nuna wutar da Bitcoin ke sha a shekara ta ninka abin da babban layin lantarkin Najeriya ke rabawa fiye da sau biyu. Ga kuma jan ƙafa, domin mu'amala kusan bakwai kacal yake iya ɗauka a daƙiƙa.

Ethereum, wanda ke bi masa a girma, ya bar wannan hanya ranar 15 ga Satumban 2022. Yanzu mai son zama mai tantancewa yana ajiye jinginar Ether 32, idan aka kama shi da ha'inci a yanke daga jinginarsa. Shan wutarsa ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100.

Akwai hanya ta uku, kuma ita ce kamfanoni da gwamnatoci suka fi so saboda sauri da arha: a zaɓi wasu 'yan kwamfutoci da aka sani a ce su ne shaidu, abin da mafi yawansu suka sa wa hannu ya zauna. Duk wanda ya taɓa buɗe wa ƙungiya ko masallaci asusun banki ya san wannan tsari, inda sai biyu cikin mutum uku sun sa hannu kuɗi ke fita. Ya kuma san abin da ke faruwa idan ma'aji da sakatare gida ɗaya suke kwana.

Kwana shida ba wanda ya lura

Axie Infinity wasa ne na intanet da kamfanin Sky Mavis na ƙasar Biyetnam ya ƙirƙira. Ana kiwon wasu halittu na zane, a gwabza su, a samu ladar kirifto da za a iya sayarwa. A lokacin kullen korona dubban mutane a Filifin sun mayar da shi sana'a, kuma a ƙarshen 2021 masu buga shi a kullum sun haura miliyan biyu. Matasanmu da suka sha dannar waya a zamanin Notcoin da Hamster Kombat za su gane irin zazzaɓin.

Da yake kuɗin mu'amala a Ethereum ya yi tsada ga mai wasan da ke neman 'yan daloli, sai kamfanin ya gina nasa ƙaramin bulokcen mai suna Ronin, ya haɗa shi da Ethereum ta abin da ake kira gada. Kana zuba kuɗinka na gaske a asusun gadar, a ba ka kwatankwacinsa a cikin Ronin. Idan za ka fita, a mayar maka. Ke nan asusun gadar rumbu ne da dukiyar kowa ke ciki.

Shaidu tara ke gadin rumbun. Biyar suka sa hannu, ƙofa ta buɗe.

A takarda abin ya yi kyau, domin ɓarawo sai ya fasa wurare biyar. A zahiri kuwa, huɗu daga cikin taran duk na Sky Mavis ne. Wanda ya shiga cikin kwamfutocin kamfanin ya samu huɗu a tashi ɗaya, saura ɗaya.

Yadda aka shiga ma ba wani tsafi ba ne. Kamfanin da kansa ya ce an yaudari wani ma'aikacinsa ne ta saƙon bogi. Daga baya kafar labaran kirifto ta The Block ta ruwaito cewa wani babban injiniya ne aka yi wa tayin aiki a wani kamfani da babu shi, aka yi ta yi masa tambayoyin ɗaukar aiki zagaye bayan zagaye, sannan aka turo masa takardar albashi mai tsoka. Ya buɗe ta a kwamfutarsa, ashe manhajar leƙen asiri ce a ciki.

Makulli na biyar kuwa sakaci ne ya miƙa shi. A watan Nuwamban 2021 cunkoso ya yi yawa, sai Sky Mavis ya roƙi ƙungiyar Axie DAO, wadda ke riƙe da ɗaya daga cikin sauran makullan, ta ba shi izinin sa hannu a madadinta na ɗan lokaci. A Disamba aka daina buƙatar hakan. Ba wanda ya tuna ya soke izinin.

Ranar 23 ga Maris na 2022 masu kutsen suka sa hannu biyar, suka kwashe Ether 173,600 da kuma kuɗin USDC na Dala miliyan 25 da rabi, a mu'amala biyu kacal. A farashin ranar da aka gano, abin ya haura Dala miliyan 600.

Ranar da aka gano ɗin ita ce 29 ga Maris. Kwana shida rumbu na wayam, sai da wani mai hulɗa ya zo cire Ether 5,000 abin ya ƙi, ya kai ƙorafi.

Abin lura a nan shi ne bulokcen ɗin bai yi kuskure ko ɗaya ba. An ce masa hannu biyar, ya ƙirga ya ga biyar, ya buɗe. Ya kuma rubuta satar dalla-dalla a kundin da kowa a duniya zai iya dubawa, da lokaci da adadi da asusun da kuɗin suka tafi. Shaidar na nan a fili tsawon kwana shida, babu mai kallo. Kuma da yake abin da aka rubuta ba ya gogewa, babu wani manajan banki da za a kira ya dakatar da kuɗin.

A tsakiyar Afrilu hukumomin Amurka suka alaƙanta satar da gungun masu kutse na Lazarus da ke aiki wa Koriya ta Arewa. Sky Mavis ya sanar da tara Dala miliyan 150 daga masu zuba jari ƙarƙashin jagorancin Binance don biyan waɗanda abin ya shafa, ya ɗaga adadin sa hannun da ake buƙata daga biyar zuwa takwas, ya fara ƙara shaidu daga waje. A watan Satumba kamfanin bin sawun kirifto na Chainalysis ya ce an ƙwato sama da Dala miliyan 30. Idan aka kwatanta da abin da ya tafi, ɗigo ne.

Hannu da yawa, allo ɗaya

Wani zai ce ai an koyi darasi. Shekara uku bayan haka, ranar 21 ga Fabrairun 2025, aka yi wadda ta fi ta: kusan Dala biliyan ɗaya da rabi daga kasuwar kirifto ta Bybit mai hedikwata a Dubai, ɗaya daga cikin manyan sace-sace a tarihin harkar.

A wannan karon ba a saci makulli ba. Manyan jami'an kamfanin da kansu suka sa hannu, ciki har da shugabansa Ben Zhou. Masu kutsen sun fara shiga kwamfutar wani ma'aikacin kamfanin Safe, wanda ya ƙera manhajar da Bybit ke amfani da ita wajen sa hannu, suka gurɓata abin da manhajar ke nunawa. Kowane jami'i ya duba allonsa ya ga tura kuɗi ce irin ta yau da kullum, ya amince. Abin da suka sa wa hannu a ƙarƙashi kuwa miƙa ragamar asusun ne baki ɗaya. Hukumar FBI ta sake nuna yatsa ga Koriya ta Arewa.

Shaidu da yawa ne, amma ta taga ɗaya duk suke leƙe. Wanda ya riƙe tagar ya riƙe su duka.

Manyan ma ba su tsira daga wannan matsala ta taruwar ƙarfi a wuri ɗaya ba. Masu haƙar Bitcoin kan haɗu rukuni-rukuni don raba lada, kuma a 2014 rukuni ɗaya mai suna GHash.io ya taɓa kai rabin ƙarfin tsarin gaba ɗaya, har hankalin jama'a ya tashi. A 'yan shekarun nan rukunoni biyu, Foundry USA da AntPool, su ke riƙe da kusan rabi a tsakaninsu. Ƙananan tsare-tsare kuwa har faɗa musu aka yi: sau uku a watan Agustan 2020 aka sake rubuta kundin Ethereum Classic, domin ƙarfin da ke gadinsa bai fi ƙarfin hayar mai kuɗi ba.

Sai batun inda kwamfutocin suke a jibge. Mai tantancewa na iya zama a Legas, wani a Landan, wani a Seoul, amma duka uku hayar kwamfuta suke yi a rumbun kamfani ɗaya. A watan Nuwamban 2022 kamfanin Hetzner na Jamus ya toshe masu tantancewar Solana da ke haya a wurinsa, sama da 1,000 suka ɗauke a lokaci guda. Tsarin bai faɗi ba, wanda abin a yaba ne, amma ya nuna yadda shawarar ofis ɗaya ke iya girgiza abin da ake cewa ba shi da ofis.

Lokacin da abokan gaba suka ƙi zuwa

Matsalar Ronin ita ce hannaye sun yi kaɗan. Akwai kishiyarta: ka gina tsarin, ka gayyaci hannayen, su ƙi zuwa.

Babu harkar da ta fi dacewa da bulokcen a ido kamar jigilar kaya ta teku. A 2014 kamfanin Maersk na Denmak ya bi sawun kwantenar kayan sanyi daga Gabashin Afirka zuwa Turai, ya tarar ta ratsa hannun mutane da hukumomi kusan 30, da musayar saƙonni da takardu sama da 200. Mai kaya, mai jirgi, banki, kwastam, tashar ruwa, kowa da kundinsa, kowa na jiran takardar wani. Duk wanda kayansa suka taɓa kwana a Apapa saboda takarda ɗaya ya san kuɗin da wannan ke ci.

A 2018 Maersk da IBM suka ƙaddamar da TradeLens domin kowa ya riƙa duba kundi ɗaya. Fasahar ta yi aiki. Tashoshin ruwa da hukumomin kwastam da dama sun shiga, kuma a 2019 manyan abokan gasa irin su MSC da CMA CGM da Hapag-Lloyd suka ce za su shigo.

Ranar 29 ga Nuwamban 2022 aka sanar da rufe shi. Bayanin Maersk shi ne ba a samu cikakken haɗin kan masana'antar da ake buƙata ba, kuma tsarin bai kai ga riƙe kansa ta fuskar kuɗi ba.

Ba sai an yi dogon bincike ba. Ka ce wa ɗan kasuwa ya zuba bayanan kwastomominsa da hanyoyin kayansa a dandalin da babban abokin hamayyarsa ya mallaka, sannan ka ce masa kada ya damu, lissafi ne ke tsaro. Zai yi maka murmushi, ya sa hannu a takardar yarjejeniya, ya ci gaba da aikinsa yadda ya saba. Wani dandalin makamancinsa, GSBN da ke Hong Kong, wanda aka kafa a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba kuma kamfanonin jiragen ruwa da masu tashoshi da dama suka yi tarayya a mallakarsa, ya ci gaba da aiki bayan TradeLens ya mutu.

A wannan watan na Nuwamban 2022 dai kasuwar hannayen jari ta Ostireliya ta jingine aikin da ta shafe shekaru tana yi na mayar da tsarinta kan bulokcen, bayan asarar kusan Dalar Ostireliya miliyan 250.

Inda ya yi amfani

Misalin da ya fi gamsar da ni ba daga kasuwa ya fito ba, daga sansanin 'yan gudun hijira ne.

A 2017 Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, ta fara wani tsari mai suna Building Blocks, da ɗan gwaji a Pakistan, sannan a sansanin Azraq na Jodan da 'yan Siriya kusan 10,000. Mutum zai shiga kanti ya ɗebi abinci, ya kalli na'urar da ke karanta ƙwayar ido, a cire daga kasonsa. Daga baya adadin ya haura 100,000 har da sansanin Zaatari, kuma hukumar ta rage kuɗin da bankuna ke yanka a kowace mu'amala.

Masu suka sun yi tambaya mai kyau a lokacin: tunda WFP kaɗai ke riƙe da kwamfutocin, me ya bambanta wannan da kundin kwamfuta na yau da kullum? Gaskiyarsu ne. Bulokcen mai mamallaki ɗaya uwar adashe ce ta sayi littafi mai tsada.

Amfanin ya fito ne da wasu suka shigo. Hukumar Mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga a 2019. Bayan ɓarkewar yaƙin Yukren a 2022, ƙungiyoyin agaji da dama suka riƙa amfani da shi wajen duba ko wata ƙungiya ta riga ta bai wa wani iyali tallafi, don kada gida ɗaya ya karɓa sau uku maƙwabcinsa bai samu ko ɗaya ba. Ba suna ake sawa a kundin ba, lambar sirri ce da aka tatso daga bayanan mutum.

Me ya sa nan ya yi aiki, TradeLens ya gaza? Ƙungiyoyin agaji ma suna da kishi a tsakaninsu, suna gasar kuɗin masu bayar da tallafi, kuma babu wadda ke son miƙa jerin sunayen mutanenta ga wata. Amma tambayar da suke son amsawa ƙarama ce kuma ɗaya ce: an bai wa wannan ko ba a ba shi ba? Kowa na cin ribar amsar, babu wanda ke asarar ciniki saboda ita.

Me ya shafe mu?

Najeriya ba 'yar kallo ba ce a wannan fage. A 2023 da 2024 ita ce ta biyu a duniya, bayan Indiya, a jadawalin Chainalysis na ƙasashen da talakawa suka fi rungumar kirifto. A watan Mayun 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan bulokcen, lokacin Farfesa Isa Ali Pantami na ministan sadarwa, aka ɗora wa hukumar NITDA jagorancin aiwatarwa.

Kafin nan, ranar 25 ga Oktoban 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira, wadda aka gina kan Hyperledger Fabric, irin tubalin da aka gina TradeLens da shi. Babban Bankin Najeriya ne ke fitar da ita, shi ke cewa wa zai shiga, shi ke da iko da kundin. Hakan ba laifi ba ne, kuɗin ƙasa dole ya kasance da mai shi. Sai dai amincinta daidai yake da amincin da mutum ya bai wa CBN, sarƙar ba ta ƙara komai a kai ba. Wani nazari na Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2023 ya gano kashi 98.5 cikin 100 na asusun eNaira da aka buɗe ba a taɓa su a mako.

Tun bayan tangarɗar ɗora sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a shafin IReV a 2023, ana yawan jin masu cewa a mayar da zaɓe kan bulokcen a huta. Akwai abin da zai iya yi: idan hukumar zaɓe da jam'iyyu da masu sa ido kowa na riƙe da kwafinsa, zai yi wuya a sauya sakamakon rumfa a asirce bayan an ɗora shi. Amma bai san abin da ya faru kafin a ɗora ba. Idan an sayi ƙuri'a, ko an kori masu zaɓe, ko an rubuta 300 a inda mutum 30 suka fito, zai karɓi lambar ya adana ta da aminci har abada. Haka batun yake ga takardun filaye, da shaidar kammala karatu, da rabon taki. Kuma idan hukuma ɗaya ce za ta riƙe duka kwamfutocin, an koma gidan jiya.

A tuna da Saliyo. A zaɓen Maris na 2018 kafafen labarai na duniya suka yi ta yaɗa cewa an yi zaɓen bulokcen na farko a tarihi, bisa ikirarin wani kamfanin Suwizalan mai suna Agora. Hukumar zaɓen ƙasar ta fito ta ƙaryata. Kamfanin ɗan sa ido ne kawai a wasu rumfuna, yana kwafar sakamakon da aka ƙirga da hannu yana zubawa a na'urarsa.

Ga mai riƙe da waya kuwa, kalmar kanta ta zama abin talla. Dandalin CBEX da ya rufta da kuɗin 'yan Najeriya a Afrilun 2025 da sunan kirifto ya ja jama'a, alhali hukumar SEC ta ce ba shi da rajista. Duk wanda ya ce maka kuɗinka na cikin aminci saboda suna kan bulokcen, tambaye shi mutum nawa ke sa hannu kafin su fita, su wane ne, kuma albashinsu daga aljihu nawa yake fitowa. Injiniyoyin Ronin sun san amsar tun kafin 23 ga Maris: tara a takarda, huɗu a ofis ɗaya, da aron na biyar.

Wannan ce tambayar da ke jiran sabon kundin Swift. A wani ɓangaren yana da abin da TradeLens ya rasa, domin Swift ƙungiyar haɗin gwiwa ce da bankunan da ke amfani da ita suka mallaka tun kafuwarta a 1973, ba kayan abokin hamayya ba ce. A ɗaya ɓangaren, a Beljiyam take da rajista, dokar Tarayyar Turai ke hawa kanta. Da wannan dokar aka cire bankunan Iran daga tsarin a 2012, aka cire wasu bankunan Rasha a watan Maris na 2022. Bankunan da aka ambata a rukunin farko na masu tsara sabon kundin sun haɗa da JPMorgan da HSBC da Deutsche Bank, kuma kamfanin Consensys ne aka bai wa aikin ƙera samfurin gwajin.